Na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na dare a Ali Ɗan Sofo.
Kuran ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya.
Ni da uwar garke muka rage a biro,
tana huci cikin akwatinta
kamar saniyar da aka hana ruwa.

Kwana tara ke nan tana wannan hali:
ta karɓi mutum arba'in da fara'a,
na arba'in da ɗaya ta rufe masa ƙofa.
Ba zagi, ba bayani.
Jiya kan Hajiya Tsahara abin ya faɗa,
buhun aya ɗari da ashirin bisa kamyo,
direba na danna oda, Jibiya na jira.
Ta leƙo ta taga, ta ce,
"Ɗiyata, injin naku ni ɗai ya tsana?"
Na ce a'a,
alhali ban san wanda ya tsana ba.

Na buɗe inda kowa ke buɗewa.
Ga saiti a jere, tsaf, ba ƙura,
an rubuta ɗari biyar.
Na mai da shi dubu. Ta ce to.
Gari ya waye ta tsaya a arba'in.
Ashe akwai mai magana a bayan mai magana.

Wanda akuyarsa ta ɓace ba ya zagin daji,
ƙasa yake duba.
Na bi littafin da take rubuta wa kanta,
daƙiƙa bayan daƙiƙa,
har na ga inda sawu ya karkace.
Akwai fayilolin da sunansu ke farawa da ɗigo.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba,
ya isa ya ɓoye gida guda da mutanensa.
Na ce su fito. Suka fito.
Wannan ya ce tambayi wancan,
wancan ya nuna mini na bayansa,
kamar baƙo mai neman gida a lungunan Bagalam,
kowa ya san gidan, ba mai kai ka.

Ɗan Jimma mai gadi ya turo ƙofa da shayi.
"Har yanzu ɓarawon bai shiga hannu ba?"
Na ce ina jin numfashinsa.

Saura kaɗan a kira assalatu,
cikin wata jaka mai suna "tsoho",
cikinta wata mai suna "tsoho na biyu",
layi na ɗari biyu da sha bakwai:
iyaka, arba'in.

A samansa akwai wasu layuka,
irin waɗanda inji ke tsallakewa,
don mutum aka bar su:

"Mu arba'in ne yau, injin kuwa ƙarami na.
In na sakam mashi, ƙonewa za shi yi.
Ran da Allah ya yawaita mu,
wanda ya zo bayana shi ƙara.
Sha'aibu."

Ban taɓa ganin Sha'aibu ba.
Wasu sun ce Arlit ya tafi,
wasu sun ce haƙar zinari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.
Kujerarsa ce nake zaune a kai,
ƙafarta ɗaya ɗaure da waya.
An canza injin sau biyu,
ana kwashe kayansa duka zuwa sabo,
ba wanda ya kwance ƙullin ya duba.
Shekara goma sha ɗaya yana tsaron ƙofa,
ba wanda ya ce masa ya huta.

Kwana tara ina tanadin baƙar magana.
Na haɗiye ta da shayin da ya huce.

Na goge arba'in.
Na ɗauko layin daga rami
na ajiye shi inda ido zai gani,
na rubuta a ƙarƙashin nasa:
"An yawaita mu, Sha'aibu. Mun kai ɗari uku da shida.
Na ƙara.
Rakiyatu."

Da hantsi na tsaya ina ƙirga.
Talatin da tara.
Arba'in.
Hajiya Tsahara ta miƙo katinta,
takarda ta fito da ɗuminta.
Ko kallona ba ta yi ba.
Ta naɗe ta a bakin zane,
ta ce wa direba su tafi, rana na yi.